Inuwar da Inna Ta Tambaya

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A gidan suna, a gidan biki, har a kan hanya cikin lungunan Madabo, tambayar ɗaya ce: "Hajiya Rabi, yaya Agadas? Me kika saro?" Ladidi, wadda muka fara dillanci tare, sai da ta ɗaga jakata ta girgiza, wai ko na ɓoye azurfar Abzinawa ina jiran ta yi tsada. Ban saro komai ba. Hoto na je ɗauka, kuma shi kaɗai na dawo da shi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata.

Waɗanda suka san ni sun san Malam, maigidana, fataucin dabino da albasa yake yi daga Azbin, ƙasar Abzinawa da ke Nijar. A tafiyarsa ta ƙarshe zazzaɓi ya kama shi a wani ƙauye can bayan Agadas, a gidan abokin cinikinsa Agali. Ya cika da safe, aka binne shi bayan azahar, ni kuma labarin ya same ni ta waya ina tsaye a ɗakin wata amarya ina auna mata labule. Abin da ya dawo Kano jakarsa ce da hularsa.

Muka rage mu biyu a gida, ni da Inna, mahaifiyarsa. 'Ya'yanmu mata duk suna ɗakunan mazajensu. Malam ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan zamanin da ce masu kunyar ɗan fari. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "yaron nan" ko "maigidanki". Ranar rasuwar mutane suna ta kuka, ita tana tambaya ko an ɗora wa baƙi tukunya. Na gama takaba, watanni suka wuce, ba ta ce komai a kansa ba. Muna cin tuwo a kwano ɗaya muna hirar tsadar gawayi.

Sai wata rana da azahar, rana tana dukan tsakar gida har siminti ba ya takuwa, tana zaune a bakin ɗakinta, ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Wai ƙasar can, akwai inuwa a wurin?"

Na ce, "Wane wuri, Inna?"

Ta ce, "Inda aka ajiye shi."

Na kira Agali ranar da ya shigo gari inda ake samun sabis. Ya ce, "Akwai, Hajiya, akwai." Ni dillaliya ce, na san "akwai, akwai" ta waya, da ita ake sayar wa mutane gadon da ƙafarsa ta karye. Na ce ya turo mini hoto, ya ce wayarsa ƙarama ce, ta kira kawai. Matar da ta buɗe baki sau ɗaya tak a kan ɗanta ba zan amsa mata da jita-jita ba. Na fara haɗa kaya.

Ƙanin Malam ya ce bai dace mace ta yi wannan doguwar tafiya ita kaɗai ba. Na ce masa lokacin da nake zuwa Kwatano sarin atamfa ba wanda ya raka ni, in yana so ya rufe shago ya zo mu tafi. Ya koma shagonsa. Inna kuwa ce mata na yi sari zan je. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Da zan fita ta miƙo mini ƙullin daddawa da yajin da ta daka da hannunta, ta ce, "Ki kai wa mutanen gidan." Ba ta faɗi wane gida ba.

Ta Daura muka bi. A kan iyaka aka sauke mu duka, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani jandarma dogo ya ɗaga ƙullin Inna yana juya shi, ya tambaye ni mene ne. Na ce yaji ne, kada ya buɗe. Ya buɗe, ya kuma kai hanci. Atishawar da ya yi sai da hularsa ta faɗi, abokan aikinsa suna riƙe ciki, shi yana share hawaye yana ce mini, "Hajiya, wannan ai makami ne!" Ya ɗaure mini da kansa ya ce in wuce. Dariyar ƙarshe da na yi ke nan har na isa.

Muna ƙetarewa wayata ta yi shiru. Ku da kuka san ni kun san wayata ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba: wannan tana neman leshi, waccan tana son a sayar mata da firiji, wata tana tsegumin kayan lefe. Layin Najeriya ya ɗauke, na riƙe ta a hannu ina dubawa kamar za ta farfaɗo. Ban san yawan surutun da ke riƙe da ni ba sai da ya tsaya.

A Damagaram na kwana gidan 'yar uwar wata mai sayen kayana. Mutanen kirki ne, suka ba ni dambu da zogale da wani burodi dogo kamar sanda, wanda sai ka yi kokawa da shi kafin ya karye. Na fito da caja, ashe ramin bangonsu ƙananan ƙofofi biyu ne zagayayyu, tawa mai ƙafa uku ba ta shiga. Sai da aka aro mini wata a maƙwabta. Abin da ya fi ba ni mamaki mata a kan babur, da mayafinsu da jakarsu, suna tuƙa kansu zuwa kasuwa ba mai kallonsu. Na ce a raina da a Mandawari ne da yara sun bi su da ihu.

Daga Tanut hanya ta lalace. Motar ta kafe a rairayi, maza suka sauka turi, mu mata muka jeru a 'yar inuwar da jikin motar ya yi, kowa ta naɗe ƙafa don kada rana ta taɓa ta. Wadda ke kusa da ni wata tsohuwa ce Ba'abziniya, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta gutsuro mini cuku, wani busasshen abu na nono mai tauri kamar fata, ni kuma na ba ta goro. Da muka koma mota ta ɗora kanta a kafaɗata ta yi barci. A hanyar nan na riƙa gane wuraren da Malam yake ba ni labari: rumfar mai shayin da ya ce shayinsa ya fi na ko'ina, rijiyar da raƙuma ke layi. Kowanne na gani sai in juya in faɗa wa wani, sai in ga ba kowa sai tsohuwa mai barci.

Agali ya tare ni a tashar Agadas. Muryarsa kawai na sani, kuma ko da na gan shi ban ƙaru da komai ba, don rawani ya rufe masa fuska sai idanu. Can maza ne ke rufe fuska, mata a buɗe. Ya tsaya nesa kaɗan ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Washegari muka hau motar albasa da ta sauke kaya za ta koma, ni a gaba, shi a baya kan tarin buhuna. Muka yi ta tafiya cikin duwatsu baƙaƙe ƙirin kamar an ƙona su, ƙasa kuma fara fat, ido ba ya iya tsayawa a kanta.

Da muka isa ƙauyen, matarsa Tima ce ta karɓe ni. A wurinsu gida na mace ne, ita ke zama cikin maza tana sa baki a magana, Agali na dafa shayi yana miƙo mata. Shayin zagaye uku ne, in ka tashi kafin na ƙarshe ka yi rashin kunya. Ta gasa mana gurasa a cikin rairayi mai zafi, ta kakkaɓe tokar ta marmasa a miya. Na ba ta ƙullin Inna, na ce daga mahaifiyar Malam. Ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe ba ta ajiye ba. Sannan ta nuna mini ɗakin da ya yi jinya, ta ce da 'yar Hausarta: "Yana ta cewa kunun tsamiya, kunun tsamiya. Mu ba mu iya ba." Na ce Allah ya saka musu da alheri. Na fita waje na tsaya har sai da fuskata ta koma daidai.

Ban jira ba, da azahar ɗin na ce a kai ni. Makabartar tana gindin wani dutse babba da ke yamma da ita. Ba katanga, sai jerin ƙananan duwatsu da aka zagaye ta da su. Agali ya ce, "Hajiya, mata nan suke tsayawa." Na ce mu ma a Kano ko nan ba ma zuwa. Ya shiga shi kaɗai, ya tsaya kusa da wata bishiyar aduwa, ya nuna ƙasa da hannu. Ba allo, ba suna, dutse ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa, kamar na kowa. Na yi masa addu'a. Inuwar aduwar tana kansa, ba ta rufe shi duka ba, amma akwai ta. Agali bai yi mini ƙarya ba.

Na ɗaga waya na ɗauka. Abin da ya fito ba zan nuna wa maƙiyi ba, balle uwa. Rairayi da sama sun yi fari tas, ƙarƙashin bishiyar kuma baƙi wuluk kamar bakin rami. Na san dalilin, don sana'ata ta koya mini. Duk wadda ta taɓa ɗaukar hoton baƙar shadda mai farin aiki don tura wa mai saye ta san waya ba ido ba ce. Ido yana ganin fari da baƙi lokaci guda, ita kuwa sai ta zaɓi ɗaya, kuma inda ka dangwala yatsa shi take bi. Na dangwala a kan inuwar. Duwatsun kabarin suka fito sarai, amma inuwar ta gudu, wurin duka ya yi haske kamar rana tana ƙona shi, dutsen baya da sama suka narke suka zama farin ƙyalle. Na dangwala a kan rairayi, dutse ya dawo, sama ta yi shuɗi, ramin nan baƙi ya dawo ya haɗiye shi.

Agali ya ce in ba shi wayar ya shiga ya ɗauko daga kusa. Ya kawo mini hoton duwatsu biyu da ƙasa sun cika fuskar wayar. Haka ni ma nake ɗaukar kaya: a tsakiya, a cike, a ga zare. Amma wannan ko a bayan Kabuga aka ɗauka haka zai fito. Inna ba kabari ta tambaya ba, wurin ta tambaya.

Na kunna abin nan da waya ke gyara haske da kanta. Ta haɗa komai ta daidaita, baƙin ya yi haske, farin ya lafa, hoto ya fito sumul kamar na kalanda. Sai dai inuwar ta zama wani toka-toka, ba za ka ce akwai sanyi a cikinta ba. Da irin wannan wasu dillalai ke mai da atamfar da ta koɗe sabuwa. Na goge shi.

Agali yana tsugune yana kallona. Ya ce, "Hajiya, ke da Turawa ba ku haɗa hanya ba. Da, lokacin da suke zuwa, na yi musu direba. Da rana tsaka barci suke yi. Sai la'asar ta yi sanyi su hau dutse da na'urorinsu, su zauna shiru kamar masu neman jinjirin wata. Ina ce musu dutsen nan tun safe yana nan, ba inda ya je. Wai ba dutsen suke jira ba."

Na ce, "Ni ma ba na ɗaukar shadda da rana tsaka. Zumuɗi ne ya sa na manta."

Da la'asar na koma, na tsaya inda na tsaya ɗazu, sai ga rana tana kallon wayar ido da ido, hoton duk ya yi hazo. Kafin in gane in sake wuri ta faɗa bayan dutsen, inuwa ta rufe makabartar gaba ɗaya. Na ɗauka a haka, ya fito dishi-dishi, ba rana ba inuwa, kamar wurin da ba a taɓa yin gari ya waye ba. Cajin wayar ya kusa ƙarewa. Muka koma gida. Tima ta karɓi wayar ta kai gidan da ke da sola.

Da safe na fita ni kaɗai, ba waya, don in gaida Malam. Nan na ga abin da ban so gani ba. Rana ta fito daga gabas, inuwar aduwar ta juya ta koma wajen dutse, kabarin yana fili, rana a kansa tun daga kai har ƙafa. Na zauna a kan jerin duwatsun ina kallo har hantsi ya ɗaga. Sai wajen azahar inuwar ta fara rarrafowa.

Na faɗa wa Agali. Ya ce, "To wa zai gaya wa tsohuwa? Ki kai mata na yamma, ki ce haka yake wuni. Ran uwa ne, a lallaɓa shi."

Na ce, "Malam Agali, ban taɓa sayar da kaya na ɓoye inda ya yage ba. In ba ta tambaya ba, shi ke nan."

Ya ce, "Abokina ya faɗa mini haka kike."

Wannan karon tun kafin la'asar na je na zaɓi wuri. Na zagaya ta kudu, yadda rana za ta zo mini ta hannun hagu, ba ta gaba ba. Tima ta biyo ni, na ba ta gefen mayafina ta ɗaga ta kare wayar. Na goge gilashin da bakin zane. Sama ce ta fi komai haske, kuma ba wanda ya aiko ni ɗaukar sama, sai na sunkuyar da wayar na bar ta 'yar siririya a can bisa, daidai yadda za a ga kan dutsen. Na cire kabarin daga tsakiya. Na sa aduwar a gefen hagu, inuwarta ta miƙe zuwa dama ta kwanta a kansa. A ƙasa kuma na bar wani yanki na rairayin da rana ke haskawa, don na lura in babu rana a gefe ba a gane inuwa inuwa ce. Sannan na nemi abin da ba fari ba ba baƙi ba, wani dutse ruwan toka a bakin inuwar, na danna yatsa a kansa na riƙe har wayar ta tsaya a nan, na ja 'yar alamar ranar ƙasa kaɗan.

Muka jira. Hannun Tima ya gaji ta sauya ɗaya. Rana ta yi ƙasa, farin rairayin ya koma ruwan zuma, baƙin inuwar ya saki har ana ganin duwatsu biyun a cikinta, da ganyen aduwa da suka zubo. Wasu awaki suka ratso ta baya. Tima za ta kore su na ce ta bar su, a ga wuri ne da rai ke wucewa. Na ɗauka. Na duba, na sake dubawa, na mai da wayar cikin jaka. Ba a daɗe ba rana ta faɗa bayan dutse.

Dawowa ba ta da labari. Hanya ɗaya ce, rairayi ɗaya. Muna ƙetare iyaka wayar ta farfaɗo, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ƙanƙara a kan kwano, ban buɗe ko ɗaya ba. Kafin in shiga gida na tsaya wurin mai wankin hoto, na ce ya yi mini babba saboda idon Inna. Ya kai hannu zai ƙara haske a wajen bishiyar, wai ya yi duhu. Na ce, "Malam, duhun nan na je nema har Azbin. Bar shi."

Na sami Inna a bakin ɗakinta. Ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi mutanen gidan, na ce sun gode da yaji. Sai da na ci abinci na yi sallah sannan na ajiye hoton a kan tabarmarta. Ta ɗauka ta kai kusa da fuska, ta nisanta, ta sake kawowa. Yatsanta ya bi inuwar daga gindin bishiyar har ya tsaya daidai kan duwatsu biyun. Ban nuna mata ba.

Ta ce, "Aduwa ce."

"Aduwa ce, Inna."

"Wannan da wane lokaci ne?"

"Bayan la'asar."

Ta ci gaba da kallon hoton. Na fara tattara kwanuka. Sai ta ce, "Da safe fa?"

Na ajiye kwanon. Na ce, "Da safe rana ce, Inna. Har kusan azahar."

Ba ta ɗago ba. Na zauna ina jiran abin da na jawo. Can ta ce, "Hantsi ne ai. Yana son hantsi. Tun yana rarrafe, in na neme shi na rasa, to yana can bakin zaure inda rana ke fara sauka, ya baje kamar ƙadangare." Ta shafa hoton da gefen mayafinta kamar akwai ƙura a kai, ta tura shi ƙarƙashin dardumar sallarta. Ta ce, "Gobe ki dama mana kunun tsamiya. An daɗe ba a yi ba a gidan nan."

To Ladidi, abin da na saro ke nan. In kin kira ni da hantsi ba ki same ni ba, kada ki ce na fara wulaƙanci. Inna ce take jawo tabarmarta zuwa bakin zaure a lokacin. Ba ta taɓa cewa in zo ba, ni ma ban tambaya ba. Nakan kashe wayar in zauna a gefenta har rana ta yi zafi mu tashi.